Shekarar da Baba Sule Ya Zauna a Aji

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da saɓanina da kawunku Nasiru. 'Yar'uwarku Sadiya ta taɓa faɗa a gabana da Turanci, tana zaton hankalina na kan talabijin, wai taurin kaina ne ya kori ƙanin mahaifiyarku daga ofis. A lokacin kuna ƙanana. Abin da kuka gani shi ne Kawu ya daina zuwa gidanmu, mahaifiyarku kuma ta rage dariya. Ban ga laifinku ba. Amma tunda na zauna rubuta rayuwata, zan jera muku abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, kuma ina so kowannenku ya karanta har ƙarshe kafin ya buɗe baki.

A wancan lokacin ofishinmu na motocin haya yana Thamesmead a birnin London, a ƙasan wani dogon bene na kankare, tsakanin shagon wanki da na mai kayan miya. Unguwar ba ta da tashar jirgin ƙasa, bas kuma ba ta jiran kowa, saboda haka tsofaffi masu zuwa asibiti da matan da suka yi cefane mai nauyi mu suke kira a waya. Ni da Nasiru muka haɗa hannu muka buɗe wurin. Shi ya yi boko mai zurfi, don haka kwamfuta da duk wata hulɗa da hukuma a hannunsa suke. Ni iyakata firamare da ɗan abin da na tsinta a ajin yamma, aikina shi ne direbobi. Na tafiyar da su yadda na ga ana tafiyar da tashar mota a gida. Akwai layi, wanda ya riga zuwa shi ke ɗaukar fasinjan farko, ba ɗan'uwa ba aboki. Mota mai datti ba ta shiga layi. Direban da ya ɗaga wa fasinja murya ya tafi gida ya huta ranar nan. An ce ina da tsanani, kuma ban taɓa musawa ba.

Dattijon direbobinmu shi ne Baba Sule, wanda kuka taso kuna kira Kaka. Mutumin zangon Kumasi ne, ya riga ni zuwa London da shekaru masu yawa. A falonsa na kwana watannina na farko a ƙasar nan, shi ya koya mini tuƙi a hannun hagu, shi ya nuna mini inda ake sayen naman halal. Da mahaifiyarku ta iso daga Kano shi ya je tarbarta a filin jirgi, ya ce mata daga yau shi ne uban miji. Shi ya yi wa kowannenku huɗuba. Saboda haka ta ɗauke shi suruki sosai da sosai. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama a kujera in yana ɗakin, kuma in za ta gaishe shi sai ta durƙusa, ko da a bakin titi ne Turawa na kallo. A ofis shi ne limaminmu, a ɗan ɗakin baya muke salla, duk direbobi a bayansa suke tsayawa. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, rubutunsa na Larabci kamar an buga. Turancin baki yana da shi daidai gwargwado, fasinjoji na son hirarsa. Amma bai taɓa shiga ajin boko ba. Kowa a ofis ya san haka, kuma babu wanda ya taɓa furtawa.

Sai hukumar sufuri ta birnin London ta fito da sabuwar ƙa'ida. Duk direban haya da ke son a sabunta masa lasisi sai ya ci jarrabawa iri biyu: ya yi magana da Turanci a saurara, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya karanta tambayoyi kan tsaron fasinja da dokokin aiki ya amsa. Wani babban kamfani ya kai hukumar kotu, aka yi ta ja-in-ja, aka ɗaga ranar fara aiki da ƙa'idar, aka sake ɗagawa. Direbobinmu suka saki jiki, suna ta cewa ai an yi cancel. Ba a yi ba. Ana cikin haka kuma sai mutane suka gano wata ƙofa. Dokar ƙasa, wadda majalisa ta yi, ta yarda direban da ya karɓi lasisi a wani gari ya ɗauki fasinja a ko'ina, muddin ofishin da ya karɓi kiran yana da rajista a garin can. Hukumar birni na kukan cewa wannan ya rushe mata ƙa'ida, tana neman gwamnati ta toshe ƙofar. Gwamnati kuma na cewa tana dubawa. Su biyun duk a London suke zaune, amma kowa da nasa littafin doka, mu kuma muna tsakiya da motocinmu da iyalinmu.

Wata safiya, bayan an gama kai yara makaranta waya ta lafa, Nasiru ya jawo kujera ya zauna a gabana.

"Yaya, na samo mafita," ya ce. "Akwai wani gari can arewa, council ɗinsu, wato ƙaramar hukumarsu, ba ta da wannan fitinar, abin da suke tambaya ɗan kaɗan ne. Za mu kama ɗan ɗaki a can mu ajiye kwamfuta, mu yi wa motoci da direbobi rajista. Aiki kuwa a nan za mu ci gaba da yi. Ko fasinja ɗaya ba zai san an canja komai ba."

"Ka taɓa zuwa garin?"

"Me zan je yi tukuna? In an shirya a kai motoci a duba, shi ke nan."

"Doka ta yarda?"

"Na tambayi lauya. Tsaf."

"To in direba ya ɗauki tsohuwa a nan ya yi mata ba daidai ba, wa za ta kai wa ƙara? Mutanen da ba su san inda Thamesmead take ba?"

"Yaya, kai kullum sai ka nemo wahala inda babu ita." Ya rage murya ya dubi ƙofar ɗakin baya. "Ka bar maganar tsohuwa, ka tuna da Baba. Lasisinsa zai ƙare kafin sanyi ya shigo. Kana ganin zai ci jarrabawar kwamfuta? Mutumin da ko saƙon waya ni nake karanta masa?"

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Ku riƙe wannan da kyau: kawunku bai karya doka ba, bai cuci kowa ba, kuma maganar da ya yi kan Baba daga zuciyarsa ta fito. Ni dai na auna abin na ga dalilai uku da suka hana ni. Na farko, ƙofa ce da hukumomi biyu ke faɗa a kanta, wannan na turawa wannan na ja, kuma ba na son in gina abincin gidaje da yawa a bakinta. Na biyu, na saba in ga mai duba motata ido da ido, in san cewa in na yi sakaci gobe zai iya tsayawa a ƙofar ofis. Na uku, da na karanta tambayoyin jarrabawar, da ƙyar da jinkiri irin nawa, ban ga mugun abu a ciki ba. Yadda ake ɗaukar mai keken guragu, abin da za ka yi in ka ga yarinya cikin tsoro tare da babban da ba ta sani ba. Abubuwa ne da nake so direbana ya sani ko ba a tilasta ba. Waɗannan dalilan duk sun tsaya da ƙafafunsu. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya amsa tambayar Nasiru.

Da na kai maganar gida mahaifiyarku na yankan alayyafo. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago ba.

"Alhaji, shi ƙanina ne, kai mijina. Kada ka sa ni zaɓe."

"Ban ce ki zaɓa ba."

"Ba ka ce ba, amma can abin zai kai." Ta ajiye wuƙar. "In Baba ya rasa lasisinsa fa? Da wane ido za ka kalle shi?"

"Ke za ki koya musu. Ba malamar firamare ba ce ke a Kano?"

"Samarin zan iya. Shi fa? Ni in buɗe baki in ce wa Baba ba haka ba ne, sake? Alhaji, bakina ba zai iya ba."

Na ce za mu san yadda za a yi. A gaskiya ban san yadda za a yi ba.

Bayan sallar azahar na tara direbobi a ɗakin baya. Na bayyana hanyar Nasiru, na bayyana tawa, na ce kowa ya bi wadda ta kwanta masa, ba gaba ba zargi. Fiye da rabi suka bi shi, har da waɗanda ni na ɗauko su aiki. Nasiru ya je gaban Baba Sule ya tsuguna.

"Baba, ka zo mu tafi. Da girmanka ba za a zaunar da kai gaban kwamfuta kamar ɗan makaranta ba."

Baba ya daɗe yana jan carbi. Kun san Hausarsa ta zango, mace da namiji duk ɗaya yake kiransu, kuma a ofis Mai gida yake ce mini ko da yake shi ya yi rainona a garin nan.

"Nasiru, Allah shi yi albarka," ya ce. "Amma ni a garin nan na tsufa. Lasisi na, London ne ya ba ni. Garin da ban taɓa shan ruwan shi ba, ba zan manna sunan shi a mota na ba. Inda Mai gida ya tsaya, nan na tsaya."

Wasu sun zaci na ji daɗi. Ban ji ba. Ji na yi kamar an ɗora mini buhun siminti a ka, domin daga ranar abincin dattijon nan ya rataya a kan shawarar da ni na yanke. Nasiru ya kwashe kayansa ya buɗe nasa ofis a Catford, wata unguwa a nan London. Bai yi mini rashin kunya ba, ni ma ban faɗa masa baƙar magana ba. Gaisuwa ce dai ta koma ta waya, daga nan ta wayar ma ta tsaya.

Mahaifiyarku ta fara aji a ɗakin baya na ofis, da hantsi lokacin da aiki ke sanyi. Samari suka riƙa zuwa suna ta yi wa juna dariya. Baba bai taɓa shiga ba. Da an buɗe littafi sai ya tuna motarsa na son wanki, ko taya na son iska. Na gane dalili. Mutumin da ke jan su salla ba zai zauna yana in'ina a kan haruffa a gaban masu binsa ba. Sai muka ware masa nasa aji a falonmu, safiyar Asabar da Lahadi. Shi ya sa ake tura ku sama a ce kada wanda ya sauko, kuna ta ƙorafi da Turanci. Ranar farko Baba ya zauna a doguwar kujera da littafin a hannu, mahaifiyarku ta zauna a kan kafet can kusa da ƙofa, kanta a sunkuye. Ya karanta layi ya yi kuskure, ta ce, "Madalla, Baba." Ya zaɓi amsar da ba ita ba, ta ce, "Allah ya ƙara basira, Baba." Haka aka yi har ya tashi. Da ya fita na ce mata wannan ba karatu ba ne, gaisuwa ce. Ta dube ni da wani irin kallo.

"Gobe ka zauna kusa da shi da naka littafin, ka ce kai ma kana son ka ƙaru. Duk abin da ya karanta ka maimaita yadda ya faɗa, da kuskuren da komai. Kai zan gyara wa."

"Ni?"

"Kai. Ai na daɗe ina jiran ranar da zan gyara maka magana a gidan nan."

Haka aka yi. Ni da nake sallamar direba saboda ya makara, na koma ɗalibin da ake yi wa tsawa a falona. Na tuna ranar da muka zo kan tambayar karen makaho. Baba ya bi kalmomin da yatsa, ya haɗa su da ƙyar, ya gane ana tambayar ko direba na iya ƙin ɗaukar makaho saboda karen da ke yi masa jagora. Ya ce ƙwarai kuwa, kare ba ya shiga motar da ake ajiye dardumar salla. Na gyara murya na ce ni ma haka na gani, a ƙi shi.

"Haba Alhaji!" in ji mahaifiyarku. "Kai da kake da ofis guda? Karen makaho idonsa ne. In ka ƙi karen ka ƙi mutumin, kuma lasisinka ya tafi. Shimfiɗa za ka yi masa a ƙasa, in sun sauka ka wanke. Sake karantawa, kuma a hankali, ba tsere ake ba."

Na sake karantawa. Baba ya girgiza kai yana dubana da tausayi.

"Hajiya, yi mishi haƙuri. Kan shi da tauri tun yana saurayi."

Muka yi ta haka duk tsawon lokacin zafi. A ofis kuwa abubuwa sun yi tsanani. Motoci sun yi kaɗan, fasinja ya kira a ce ya jira, ya gaji ya kira Catford. Tsofaffin da muka shekara muna kai su asibiti na riƙa ganinsu a motocin Nasiru, su ɗaga mini hannu cikin jin nauyi. Na daina sayen abin da ba dole ba, kun tuna shekarar da ba mu je gida hutu ba. Mahaifiyarku ba ta taɓa ce mini ga abin da ka jawo ba. Amma in waya ta yi ƙara sai ta yi saurin dubawa, in ta ga ba ƙaninta ba ne ta ajiye a hankali.

Samari suka je jarrabawa, yawancinsu suka ci. Baba ya je, ya ci ta magana, ya faɗi ta karatu. Kafin a ba shi wata rana lasisinsa ya ƙare. Ya ajiye motar a ƙofar gidansa ya lulluɓe ta da tamfol. Duk da haka kullum sai ya hau bas ya zo ofis ya ja mu salla, sannan ya zauna a benci yana kallon yaran da ya girme wa iyayensu suna karɓar fasinja suna fita. Wani ya ba shi shawara ya nemi benefit, wato tallafin gwamnati, ai shekarunsa sun kai. Ya ce bai zo London don gwamnati ya ciyar da shi ba alhali hannunsa na riƙe sitiyari. Ban taɓa jin dalilaina uku sun yi mini rauni kamar a makonnin nan ba. Wata rana bayan la'asar na jira kowa ya fita, na zauna a ƙasa kusa da shi.

"Baba, ka je wurin Nasiru. Zai karɓe ka hannu biyu, cikin ɗan lokaci ka koma kan titi. Ni na tsaya a kan ra'ayina, amma ba kai za ka biya ba."

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"To ka gaya ma Hajiya ina zuwa ran Asabar. Kuma kar shi dafa mini shayi, ba ziyara zan zo ba."

Ranar Asabar ya zo da ƙullin goro a hannu. Na nuna masa doguwar kujera, ya wuce ta. Ya je tsakiyar falo ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya ajiye goron a gaban kujerar da ba kowa, ya ce wa mahaifiyarku ta hau ta zauna. Ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Baba, ka rufa mini asiri. Ni a sama kai a ƙasa?"

"Hajiya, zauna. Na san abin da ku ke yi tun rana na farko. Ni ma na koyar da yara karatu a zango kafin in zo ƙasan nan. Duk tsawan da aka yi a ɗakin nan, Mai gida ne ya samu karatu, ni na samu kujera mai laushi. Na je gaban kwamfuta, ba Mai gida a gefe na." Ya tura goron gaba kaɗan. "Wannan na malami ne. Daga yanzu har in tashi, ni ba suruki ba ne, ɗalibi ne. In na fita ƙofa, a mayar mini da girma na."

Ta dube ni idonta ya cika da hawaye. Na kau da kai, domin ba maganata ba ce. A hankali ta zo ta zauna a bakin kujerar, kamar mai tsoron kada ta ƙone ta. Baba ya juyo gare ni.

"Mai gida, tashi ka ba mu wuri."

Aka kore ni daga falona. Na shiga kicin na tsaya a bayan ƙofa, kuma ba na jin kunyar gaya muku kunne na kasa. Na ji ya fara karatu, kalma ɗaya bayan ɗaya. Na ji ya yi kuskure, wanda ni ma yanzu na iya ganewa. Na jira in ji gyara. Jiran ya yi tsawo har na zaci ta tashi ta gudu. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba... a sake."

"Ban ji ba."

"A sake, Baba. Ba haka ba ne."

"Yauwa," in ji shi. Ya koma farkon layi.

Daga ranar karatu ya canja. Ashe malamar da na aura ban san ta ba sai a shekarar nan. Ta gano ba karatun kaɗai ne ya kayar da shi ba, har da na'urar, domin bai saba da ita ba, yakan danna inda bai nufa ba. Ta sauko da kwamfutarku ta ajiye masa a kan ɗan tebur, ta sa shi ya yi ta dannawa har yatsan ya saba. Ta hana shi haddace amsoshi, don ta lura kansa na mahaddata ne, da ya ji abu sau biyu ya riƙe, sai ya daina kallon rubutun. Ta riƙa juya masa tambayoyi tana canja kalmomi. Wata rana daga kicin na ji tana cewa, "Baba, ba za ka tashi ba sai ka gama shafin nan," shi kuma yana cewa, "To, Malam." Amma da lokaci ya cika ya miƙe ya sa takalmi, sai ta sauka ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi masa sallama kamar yadda ta saba, kanta a ƙasa, shi kuma ya sa mata albarka. Ban taɓa ganin ɗayansu ya haɗa zaman biyu ba.

Ya koma jarrabawa sanyi ya riga ya kama. Na ce in raka shi, ya ƙi, ya hau bas shi kaɗai da hularsa da rigar sanyi a kan jallabiya. Da sakamako ya fito ya ci. Ba da rata mai yawa ba, amma ya ci. Direbobi suka yi ta kabbara a ofis har mai shagon wanki ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Mahaifiyarku da na gaya mata sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji tana kuka tana hamdala.

Game da hukumomin nan biyu, har ranar da nake wannan rubutu ban ji sun gama daidaitawa ba. Birni na nan kan ƙa'idarsa, ana ta maganar za a gyara dokar ƙasa. Wataƙila a zamaninku a gama. Ofishin kawunku ya ci gaba, namu ma ya farfaɗo a hankali, don mutane sun riƙa dawowa suna tambayar direbobinsu na da. Ban ce ni na yi daidai shi ya yi kuskure ba, kuma ban yarda wani cikinku ya faɗi haka a bayana ba. Abin da ya rage in gaya muku shi ne yadda aka shirya mu, don shi ma kun ɗauka ni na je da kaina na ba da haƙuri, ko shi ya zo. Babu ɗaya.

Ranar da sabon lasisin ya iso, Baba ya yaye tamfol ya wanke motar, ya zo ƙofar gidanmu da rana tsaka ya danna ham. Muka fito ni da mahaifiyarku.

"Ku shiga. Ku ne fasinja na na farko."

"Ina za mu, Baba?"

"Catford."

Na tsaya da hannuna a kan murfin mota. Na ce ina da aiki a ofis.

"Mai gida, hukuma biyu suna faɗa, suna da kotu suna da lauya. Ku biyu ba ku da kowa sai ni. Shiga."

Na shiga. Duk tsawon hanya Baba na karanta allunan titi a fili, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ya shekara talatin yana wucewa. Da muka isa shi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Nasiru ya buɗe, ya gan mu mu uku, ya rasa wanda zai fara gaisarwa. Sai idonsa ya wuce mu ya sauka kan motar da ke bakin titi, da tambarin hukumar birni a jikin gilashi.

"Baba, ka ci?"

"Na ci. Da tsawa."

Nasiru ya yi dariya, ya tsuguna a kan matakala ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. Ya daɗe a haka. Sannan ya yi magana bai ɗago ba.

"Yaya, sannu da zuwa. Ina da wasu direbobi da ke son komawa lasisin London, suna tsoron kada a wayi gari an toshe ƙofar can. Karatun ne ya fi ƙarfinsu. Ko Anti za ta karɓe su?"

Na dubi mahaifiyarku, tana share ido da bakin mayafi.

"Ba ni za ka tambaya ba," na ce masa. "Ni tuni aka kore ni daga ajin."